Inda Aka Zagaye da Alli

Duk wanda ya daɗe a Kontagora ya san Gwaggo, ko da bai san sunanta ba. Tsohuwar motar sulke ce mai ƙafa shida, wadda ta shekara arba'in da ɗoriya tana tsugune a bayan ofishin 'yan mazan jiya, ƙarƙashin wata dalbejiya. Tayoyinta sun sace sun nutse a ƙasa, tsatsa ta cinye mata gindi, kajin unguwa sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Sojojin da suka yi yaƙin basasa a cikinta su suka sa mata wannan suna, wai don ba ta tashi da safe sai ta yi tari, ta yi nishi, ta ɓata wa kowa rai tukuna.

Su uku ne a cikinta. Saje Isma'ila, shugabansu, ya dawo gida ya tsufa ya rasu a kan gadonsa, aka yi masa sutura kamar kowa. Ladan direba yana nan da ransa, ya ba saba'in baya da daɗewa. Kunnensa na hagu ya mutu tun wancan zamani saboda ƙarar bindiga, na daman ma sai an ɗaga murya. Na ukunsu, Benjamin mai harbi, ɗan ƙauyensu Ladan ne can wajen Kumbashi, kuma shi ne bai dawo ba. Ko gawarsa ba ta dawo ba. Abin da ya rage na Benjamin a duniyar nan bai fi tafin hannu ba, kuma yana jikin Gwaggo.

Ga yadda aka yi. Kafin a tura su gaba, sojojin sauran motoci duk sun rubuta sunayensu da fenti a jikin nasu. 'Yan Gwaggo kuwa babu wanda ya taɓa zama a ajin boko. Aka yi ta yi musu dariya. Benjamin ya ce shi ai sunansa na fuskarsa, tun yana jinjiri aka rubuta masa. Ya ɗauko guduma da cizal, ya tsuguna a gefen hagu, wurin marfin akwatin da ake ajiye sifana, ya sassaƙa tsagar gidansu a kan ƙarfen: uku nan, uku nan, sai ɗaya gajeriya da ke gangarowa daga gindin ido. A ta ƙarshen cizal ya zame masa, ta fito da 'yar wutsiya. Ya ja da baya ya duba, ya ce ta ma fi tasa kyau.

Bayan wata huɗu, a bakin wani rafi cikin kurmin gabas, Gwaggo ta kafe a taɓo. Benjamin ya sauka yana cusa itace a ƙarƙashin taya, sai aka buɗe musu wuta daga ƙetare. Motar ta fizge daga taɓon daidai lokacin da ya faɗi. Saje ya daka tsawa, “Taka!” Ladan ya taka. Ta ɗan ramin da direba ke leƙe ya hango hannu ya ɗago daga cikin ciyawa. Ko hannun mai rai ne yana kira, ko kuwa motsin mutuwa ne, shekara hamsin da biyar ke nan yana tambayar kansa, babu amsa.

Da ya dawo, bai ɓoye wa gidansu Benjamin komai ba. Ƙanwar Benjamin, Hannah, wadda lokacin ba ta fi shekara goma sha huɗu ba, ta saurare shi har ƙarshe ta tashi ta shiga ɗaki. Shekara goma sha biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Sai da Gwaggo ta gama aiki aka jawo ta Kontagora aka yasar, Ladan ya je har gida ya roƙe ta ta biyo shi. Ta zo. Ya nuna mata marfin akwatin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora hannun hagu a kumatunta, inda take da irin tsagar sak, ta ɗora na dama a kan ƙarfen.

“Ashe ka kawo shi gida, Yaya Ladan,” ta ce.

Wannan magana ita ta riƙe Ladan a duniya. Tun daga ranar, kowace Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Hannah takan shigo motar kasuwa ta zo ta yi addu'arta a gindin dalbejiyar nan. Da yanar ido ta makantar da ita, Ladan kan tarye ta a tasha, ya riƙe kan sandarta ita ta riƙe gindin, ya ja ta har wurin. Shi kuma duk sati yakan zo da tsumma da ɗan baƙin mai ya goge marfin. Jikin Gwaggo duk ya rube, amma wurin nan ko ɗigon tsatsa babu.

To, ana nan sai ga Alhaji Kamaluddeen. Ɗan kwangila ne, kuma shugaban wani kwamitin ƙawata gari wanda shi ya kafa shi, shi ya zaɓi kansa, shi ke kiran taro shi ke tashinsa. Ya gani a waya cewa wasu garuruwa suna ɗora tsofaffin motocin yaƙi a shataletale mutane na ɗaukar hoto, sai abin ya shiga ransa. Ba don yaƙi ya dame shi ba, don ko kaza aka yanka a gabansa yakan kau da kai. Yana dai neman abin da za a riƙa wucewa ana kiran sunansa.

Ya zo da rakiyar mutum biyar, ya zagaya Gwaggo yana toshe hanci, ya shuri taya da bakin takalmi. Ladan ya miƙe ya ƙame ya sara masa, don haka jikinsa ya saba yi wa duk mai babbar riga.

“Kai ne Baba Sojan da ake faɗa?” in ji Alhaji. “To, ka yi murna. Za mu gyara maka tsohuwarka, ta koma amarya, mu ɗora ta a tsakiyar gari.”

Ladan ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ransa, yau kam Benjamin zai fito fili kowa ya gan shi. Ya matso yana nuna gefen hagu.

“Ranka ya daɗe, akwai wani wuri a jikinsa. Wannan mota, shi yana da...”

“Shi?” Alhaji ya juya ga mutanensa. “Kun ji, motar namiji ce ashe! Baba, shekara nawa kana cikin gari, har yau ba ka raba mace da namiji ba?”

Aka kwashe da dariya. Hausar Ladan ta kasuwa da bariki ce, harshen uwarsa daban, kuma in ransa ya tashi sai ta ƙara karyewa. Ya sake buɗe baki, wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya ɗaga ta ya kara a kunne, ya kaɗa wa tsohon hannu kamar mai korar ƙuda.

“Duk abin da ke damunka gaya wa mai gyara.”

Mai gyaran shi ne Andrew, fanabita, wato mai buga jikin mota in ta lotse ya cike ya fesa fenti. Garejinsa na kan hanyar Yawuri. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce da shi, kuma duk Kontagora babu mai hannunsa. Alfaharinsa ɗaya: in ya gama da mota, mai ita ma ba zai nuna inda aka buge ta ba. Haihuwar gari ne, shekararsa arba'in, fuskarsa sumul, bai taɓa zama ya koyi tsagar kowa ba.

Ranar da janwe, motar jan motoci, ya kai Gwaggo garejin, Ladan ya bi ta a kan acaba. Ya tsaya a wani shago ya sayi alli fari guda. Ya shiga ya tsuguna a gefen hagu, ya zagaye tsagar Benjamin da allin, ya sake bi, ya sake bi, har sau uku, don zagayen ya yi kauri kowa ya gani.

Nan fa gizo ke saƙar, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na kawo nan. A fagen daga, in masu neman nakiya suka zagaye wuri da farar ƙasa, ko Janar ne ba ya taka wurin. Farin zagaye a wurin soja ma'anarsa ɗaya: kada a taɓa. Abin da Ladan ya sani ke nan, da shi ya tsira da ƙafafunsa. A garejin fanabita kuwa, in mota ta shigo, abin da ake fara yi shi ne a bi jikinta da alli, duk inda ya lotse ko ya ƙarzu a zagaye shi, don a san nan ne za a kankare a cike. Wanda aka yi wa zagaye mai kauri, shi ne ya fi damun mai mota.

Janareto na ruri, wani na buga ƙarfe a can gefe. Ladan ya kamo hannun Andrew ya kawo shi, ya ɗora yatsa a kan zagayen.

“Ɗana, nan. Ka kula da nan. Duk motan nan babu wuri kamar nan.”

Ya so ya ƙara bayani. Amma bayanin yana da rafi a cikinsa, da taɓo, da hannu a cikin ciyawa, kuma ban da Hannah bai taɓa buɗe wa kowa wannan ba. Ya ga ai ya zagaye. Me ya rage?

Andrew ya shafa wurin da babban yatsa, ya ji zurfin tsagar, ya girgiza kai don tausayin ƙarfen. Kullum haka masu mota ke ce masa, ka kula da nan.

“Na gani, Baba. Kada ka damu. In na gama ko kai ba za ka gane wurin ba.”

Ta kunnen hagu ya yi maganar. Abin da ya isa ga Ladan shi ne “kada ka damu.” Ya sa masa albarka ya tafi gida da sauran allin a aljihu, zuciyarsa fes.

Sati shida Gwaggo ta yi a garejin. Alhaji ya sa aka kewaye ta da tamfol, ya kafa doka kada wanda ya gan ta sai ranar buɗewa, ya ajiye mai gadi a ƙofa. Ladan ya zo sati na farko aka hana shi, ya zo na biyu aka hana shi. A na uku ya yi sa'a, ko rashinta, ya tarar da Alhaji zai shiga mota.

“Ranka ya daɗe, leƙawa kawai zan yi.”

“Baba Soja, an taɓa leƙa amarya tana lalle? Ka je ka huta. Za mu ɗinka maka kaki sabo, ka zo ka sara mana ranar taro. Aikinka ke nan.”

Ya ja gilashi ya tafi. Ladan ya zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin ƙofar. Daga bayan tamfol injin kankare ƙarfe na kuka, kukan da ko kurma sai ya ji shi a haƙoransa. Ya yi murmushi, ya ce tsatsa ce ake ci. Da yamma ya je tasha ya ba direban motar Kumbashi saƙo: a gaya wa Hannah bana ba bayan ofis za ta zo ba, an ɗaga Benjamin za a ɗora shi a tsakiyar gari. Direban ya dawo da amsa, wai ta ba da ɗinkin sabon zane.

Ana gobe taro, bayan la'asar, aka ɗauko Gwaggo aka ɗora ta kan wani dakalin siminti a shataletale. Aka ɗage tamfol ta gefe ɗaya don a kafa allon tagulla. Mai gadin ya tafi shan ruwa, Ladan ya kutsa.

Gaskiya ta yi kyau. Kore shar take, tana sheƙi, an sa mata tayoyi, an shafe bakin bindigarta da baƙi. Ko ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa ba na jin ta kai haka. Ladan bai tsaya kallo ba, ya zagaya gefen hagu. Ya duba marfin akwatin. Ya goge ido ya sake dubawa. Ya ce ko hasken rana ne, ya sa tafin hannu ya shafa daga sama zuwa ƙasa. Hannun ya zame kamar a kan faranti.

Andrew ya taho da injin huda ƙarfe a hannu, bakinsa har kunne.

“Baba, ka nemo shi! Na ce maka ba za ka gane ba. Wallahi wurin nan ya ba ni wuya, kwana biyu ina kansa. Ko wane mugu ne ya sa cizal ya ɓata ƙarfe haka, oho.”

“Ina zanen?” in ji Ladan. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

“Na gyara, Baba. Inda ka zagaye.”

“Na zagaye kada ka taɓa.”

Murmushin Andrew ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba. Ladan ya kama masa gaban riga, ba da faɗa ba, don kada ya faɗi ne. Abin da ya ƙi faɗa a gareji ya faɗe shi yanzu a tsakiyar titi, Hausa na karyewa, yaren gida na shigowa: fuskar mutum ce, sunansa Benjamin, ba shi da kabari, ƙanwarsa makauniya za ta zo gobe ta taɓa. Sai ya tuna wani abu, idonsa ya yi haske.

“Ai cikewa ka yi, ko? Yana ƙasa. Ka kankare wannan abin naka, yana nan ƙasa.”

Andrew ya sunkuyar da kai. Shi ba ya aikin ha'inci, ba ya lafta fila a kan rami ya rufe da fenti kamar wasu. Sai da ya sa inji ya cinye ƙarfen har tsagar ta ɓace, sannan ya yi walda ya daidaita. Gwanintarsa ce ta sa babu abin da ya saura.

“Baba, da ka gaya mini,” ya ce, yana neman kuka. “Don Allah da ka gaya mini.”

Alhaji Kamaluddeen ya iso yana tambayar me ya tsai da aiki. Andrew ya ba shi labari a taƙaice. Na so in ce maka mutumin ya ji kunya. Dariya ya yi, har da riƙe ciki, ya kira mutanensa su zo su ji.

“Tsaga? A wannan zamani? Mutane na zuwa asibiti a goge musu ita daga fuska, kai kana kuka an goge wa mota?”

Ladan ya durƙusa a kan kwalta, gwiwa biyu, tsohon da ya haifi kamar Alhajin.

“Ranka ya daɗe, to a sa sunansa a allon nan. Ko a ƙasa ne, ko ƙanƙane ne. Benjamin kawai.”

“Allo an gama shi tun wancan sati. Sunayen 'yan kwamiti ma da ƙyar suka shiga. Shi wannan Benjamin ɗin, ina takardarsa?”

“Ba ni da shi.”

“Ina hotonsa? Ina kabarinsa?” Alhaji ya buɗe hannuwa yana duban jama'a. “Ah to. Mutum ba takarda, ba hoto, ba kabari, ni ta ina zan san an ma taɓa yin sa? Kuma kai, Baba, ba kai ne direba ba? In yana da daraja haka, me ya hana ka ɗauko shi tun a can?”

Bai san abin da ya taka ba, kuma da ya sani ma ba na jin zai ɗage ƙafa. Alhaji ya bi jikin motar da ido yana neman inda allon zai zauna daidai, ya shafa nan, ya shafa can, hannunsa ya tsaya a kan marfin akwatin.

“Nan ya fi ko'ina sulɓi. Kafa shi nan.”

Andrew ya ce ba zai iya ba. Alhaji ya karɓi injin ya miƙa wa wani daga cikin mutanensa. Ladan na durƙushe aka huda ramuka huɗu.

Washegari da hantsi ya je tasha cikin sabon kakin da aka ba shi, wanda ya yi masa yawa har sai da ya naɗe hannuwa. Hannah ta sauko daga mota cikin sabon zane mai ruwan goro, ta ɗaura kallabi irinsa, tana ƙamshin sabulu. Ta miƙo sanda, ya kama kan.

“Yaya Ladan, ina kwana? Yau muryarka ba ta fita. Murna ce?”

“Mura ce,” ya ce.

Tun daga tasha har shataletale yana shirya maganar a bakinsa. Ya ce zai faɗa in sun wuce masu lemo. Suka wuce. Ya ce in sun kai gidan mai. Suka kai. Ita kuwa sai zuba take, tana ba shi labarin yadda ta gaya wa matan coci cewa yayanta zai hau dakali a birni, har wata ta ce ƙarya take. Ya ja ta a hankali yana kauce mata ramuka, har suka iso bai gaya mata ba.

An yi taro sosai. An kafa rumfa, an jera kujeru, 'yan makaranta sun yi fareti. Aka zaunar da Hannah can baya a rana, don kujerun inuwa na manyan baƙi ne. Aka yaye tamfol aka yi tafi. Aka tsai da Ladan a gaban Gwaggo ya sara, mai hoto ya ce bai ɗauka ba, ya sake, Alhaji ya ce hularsa shi ta karkace a wannan, ya sake na uku. Sannan Alhaji ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo, ya ce wannan mota shaida ce cewa mutanen garin nan ba sa manta nasu, mota ce da ba ta taɓa barin ɗanta a baya ba. Aka yi tafi har da guɗa. Ladan na tsaye a ƙame, hannu a goshi, don ba a ce ya sauke ba.

Da aka watse aka koma kan shinkafa, ya je ya ɗauko Hannah. Ya taimaka mata ta hau dakalin. Ba ta buƙatar a nuna mata hanya daga nan, ƙafarta ta san taku nawa ne daga tayar gaba. Ta jingine sanda, ta ɗora hannun hagu a kumatunta, ta miƙa na dama.

Yatsunta suka sauka a kan tagulla. Ta ɗan ja su baya don zafin rana, ta mayar. Ta bi layin farko, ta bi na biyu. Ta laluba gefen allon, ta sauka ƙasa, ta hau sama, ta dawo. Murmushin da ta zo da shi tun daga Kumbashi ya riƙa raguwa.

“An juya motar ne, Yaya Ladan?”

“A'a.”

“To wannan mene ne? Rubutu nake ji.”

Alhaji Kamaluddeen na kusa, yana nuna wa wasu baƙi allon, cinyar kaza a hannunsa. Ya ji tambayar ya matso, don shi duk inda ake maganar allon nan wurinsa ne.

“Mama, sunana ne kika ɗora wa hannu. Ga shi, Alhaji Kamaluddeen, Shugaba. Ke ce ƙanwar mai tsagar?”

“Ina fuskar yayana?”

“An gyara wurin, Mama. Amma kada ki ga laifinmu, mu ba mu ma san da ita ba.” Ya nuna Ladan da cinyar kazar, ya manta ba ta gani. “Tambayi Baba Soja. Shi ya sayi alli da kansa, ya zagaye wa mai gyara wurin, har sau uku, ya ce nan za a fi kula. Mu aikin da aka nuna muka yi.”

Ya koma wurin baƙinsa yana ba su labarin, aka ji dariyarsu ta tashi.

Hannah ba ta yi kuka ba. Ta sauke hannun dama daga kan tagullar ta goge shi a sabon zanenta. Na hagun ya daɗe a kumatunta, tana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya, uku nan, sai gajeriyar da ke gindin ido.

“Gaskiya ne?” ta ce.

“Na zagaye don kada a taɓa, Hannah. A wurinmu soja, in aka zagaye...”

“Kai ka zagaye?”

“Ni ne.”

“Ka gaya wa mai gyaran ko fuskar wa ce?”

Ladan ya dubi ƙasa. Allin na nan cikin aljihunsa, ya sauya riga amma ya ɗauko shi, shi kansa bai san dalili ba.

“Ban gaya masa ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta laluba ta ɗauki sandarta. Ya yi sauri ya kama kan, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, don ya sauko da ita daga dakalin. Ta tsaya cik.

“Sakar mini sanda, Ladan.”

Ba ta ce Yaya ba. Ya saki.

“Na farko an ce Saje ne ya ce ka taka,” ta ce. “Wannan karon wa ya ce maka?”

Ta juya ta laluba bakin dakalin da sanda, ta sauka da kanta, ta kusa faɗuwa ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta nufi inda take jin ƙarar motoci tana buga sandar a kwalta, tana tambayar duk wanda ta ji kusa da ita ko ta ina tashar Kumbashi take.